Yadda Ake Zaɓar Kwaɗo ko Ƙadangare Don Ciyar da Macijin Garta a Legas

Macijin garta ba ɗan ƙasar nan ba ne. Asalinsa Arewacin Amurka, daga Kanada har zuwa ƙasashen Amurka ta Tsakiya, kuma masana suna tara nau'o'insa a ƙarƙashin sunan Thamnophis. Siriri ne, galibi mai ratsi uku daga wuya zuwa jela, tsawonsa bai cika wuce mita 1 ba, ba ya saka ƙwai sai dai ya haifi 'ya'yansa da rai, sannan cizonsa ba ya yi wa mutum wata mummunar illa in ban da ɗan kumburi da ƙaiƙayi a wasu lokuta. A dajin ƙasarsu yana cin tana da matsattsaku da ƙananan kifaye da kwaɗi, wani lokaci har da ƙananan ɓeraye da ƙadangaru. Shi ya sa wanda ya mallaki ɗaya a Legas, idan ya ga kwaɗi suna tsalle a bakin kwata da damina, ga ƙadangaru suna shan hantsi a kan katanga, ga tsaka ta maƙale kusa da ƙwan fitila, sai ya ɗauka abinci ne ya zo masa har gida kyauta.

A ganina mafi yawan wannan abinci na kyauta bai dace da macijin da ake kiwo a keji ba. Haɗarin da ke cikinsa iri uku ne: gubar da dabbar take da ita a fatarta, tsutsotsin da take ɗauke da su a namanta da hanjinta da huhunta, da kuma maganin ƙwarin da ta kwasa a unguwa. Firiza, wadda mutane da yawa suke dogaro da ita, tana rage na biyun ne kawai, ba ta taɓa na farko da na uku. Duk matakan da za su biyo baya a kan wannan bambanci aka gina su.

Mataki na farko: ka tabbatar da macijin da ke hannunka

Akwai wasu macizai na Afirka, dangin Elapsoidea, da su ma ake kiran su garta a kasuwar dabbobi, kuma ana samun wasunsu a Afirka ta Yamma. Waɗannan 'yan uwan kumurci ne, masu dafi, ratsinsu kuma zagaye jiki yake yi maimakon ya bi tsawonsa. Wanda ya sayi maciji da sunan garta daga hannun mai kamawa a daji, bai ga takardar shigo da shi ba, ya nemi masani ya duba masa kafin ya sake sa hannu a kejin.

Ko a cikin na Amurkan ma halin cinsu ya bambanta. Thamnophis sirtalis da Thamnophis marcianus da Thamnophis radix, waɗanda aka fi kiwo, suna karɓar abinci iri-iri kuma suna saurin sabawa da ɓera. Su kuwa sirara masu dogon jela irin su Thamnophis proximus, kwaɗi da kifi suka fi so, kuma sau da yawa ba sa kallon tana. Masu irin waɗannan ne suka fi shiga matsalar neman kwaɗo.

Mataki na biyu: ka tsayar da babban abinci tukuna

Macijin garta yana iya rayuwa cikin ƙoshin lafiya har tsufansa ba tare da ya taɓa haɗiye kwaɗo ko ƙadangare ba. Abin da ƙwararrun masu kiwo suka fi dogaro da shi shi ne jinjirin farin ɓera da aka haifa a keji, aka kashe, aka daskarar, domin yana ɗauke da ƙashi da hanta da kayan ciki, wato cikakken abinci a loma ɗaya. A Legas ana samun fararen ɓeraye a wajen masu kiwata su don sayar wa ɗalibai masu bincike, sai dai a tambaya a tabbatar ba waɗanda aka riga aka yi gwajin magani a kansu ba ne. Ɓeran gida ko na kasuwa kuwa babu shi a lissafi, saboda maganin ɓera yana zama a jikinsa ya kashe wanda ya ci shi.

Ana haɗa wa da tana, amma ban da jajayen tanar nan ta juji mai suna Eisenia fetida da ake kiwo don yin taki, domin tana fitar da wani ruwa mai wari da ke cutar da macijin. Kifi ma yana da nasa sharaɗi. Jan kifin ado na gilashi da danginsa, da kifin herin, suna ɗauke da wani sinadari mai suna tayaminas da ke lalata bitamin B1 a jikin mai cin su ɗanye. Macijin da aka daɗe ana ba shi su yakan fara karkata kai, ya riƙa murɗewa, ya kasa daidaita tafiyarsa, daga nan sai farfaɗiya. Salmon da tirawut suna cikin waɗanda aka amince da su. Idan wannan tushe ya tsaya, kwaɗo da ƙadangare sun koma abin marmari ko kuma dabarar jawo hankalin macijin da ya ƙi ci, kuma a wannan matsayi ya kamata a bar su.

Akwai kuma abin da Musulmi mai kiwo zai so ya sani. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi (SAW) game da sanya kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi. Wanda wannan ya tsaya masa a rai ya tuntuɓi malami, ya kuma duba mataki na shida, inda za a ga yadda ake amfana da warin kwaɗo ba tare da an taɓa ransa ba.

Mataki na uku: ka fitar da masu guba daga lissafi

Nan ne masu kiwo suka fi ruɗuwa, domin an san macijin garta da juriyar guba, kuma gaskiya ne, amma gaskiya mai iyaka. A yammacin Amurka akwai wata halitta mai kama da ƙadangare da ke rayuwa tsakanin ruwa da tudu, sunanta Taricha granulosa, wadda fatarta ke ɗauke da tetrodotoksin, gubar da ke toshe saƙon jijiyoyi har numfashi ya tsaya. A 1979 wani mutum a jihar Oregon ya haɗiye ɗaya, ya mutu. Amma akwai macizan garta da suke cinye ta su kwana lafiya. Edmund Brodie da ɗansa, dukkansu masana halittu, sun shafe shekaru suna nazarin wannan, kuma abin da suka gano shi ne juriyar ba ɗaya ba ce a ko'ina: inda halittar ta fi guba, macizan wurin sun fi juriya, inda kuma gubarta ba ta da ƙarfi ko babu ita sam, macizan wurin ba su da wata kariya ta a zo a gani. Juriyar gado ce ta wani yanki, an same ta ne a kan wata guba takamaimai cikin dubban shekaru. Macijin da aka haifa a keji, aka yi safararsa zuwa Najeriya, ba ya zuwa da shaidar yankin da kakanninsa suka fito.

Abin da ya faru a Ostareliya ya isa misali. A 1935 aka kai babban kwaɗon rake jihar Kwinsland don ya cinye ƙwarin da ke ɓata rake, sai ya zama ajalin macizai da manyan ƙadangaru masu yawa na ƙasar, waɗanda suka saba cin kwaɗinsu na gida lami lafiya amma ba su taɓa haɗuwa da irin gubarsa ba.

Saboda haka kwaɗon da aka fi gani a tsakar gida a Agege ko Idi-Araba bayan ruwan sama, wato Sclerophrys regularis, shi ne na farko da za a cire. Gane shi ba wuya. Fatarsa busasshiya ce mai ƙuraje, launinsa ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo masu duhu, ƙafafunsa gajeru, tsallensa gajere, sannan a bayan kowane ido akwai wani dogon kumburi da ya kwanta zuwa kafaɗa. Idan aka matsa masa, daga wannan kumburi farin ruwa mai kauri yake tsattsafowa, kuma gubar da ke cikinsa zuciya take kamawa. Duk kwaɗon da ka ga wannan kumburi a bayan idonsa, ka bar shi ya wuce. Ƙwansa da 'ya'yansa masu wutsiya, baƙaƙen nan da ke cincirindo a kududdufi, su ma suna da guba.

Haka nan duk kwaɗo mai launi mai ɗaukar ido. A Afirka ta Yamma akwai Phrynomantis microps, mai jan baya da baƙin gefe da santsin fata, wanda ruwan jikinsa yake da ƙarfi har yana zama a cikin gidan manyan tururuwa masu harbi ba su taɓa shi ba. Shagunan kifin ado ma ba mafita ba ne. Kwaɗin ruwa masu farce, dangin Xenopus, da ake sayarwa a can suna da majinar fata da aka nuna tana sa maciji ya riƙa wage baki har ya saki abin da ya kama, sannan ƙananan kwaɗi da salamanda ('yan uwan Taricha masu kama da ƙadangare) masu jan ciki da ake shigo da su daga Asiya masu guba ne sosai. Ƙari a kan haka, ruwan shagon sau da yawa yana ɗauke da magungunan kifi.

Ƙadangaru ba su da wannan matsala. Duk da abin da aka saba faɗa a gida cewa tsaka tana da guba, ba ta da ita, haka ma ƙadangare da kulɓa. Nasu haɗarin a mataki na gaba yake.

Mataki na huɗu: ka bi asalin dabbar

Kwaɗo mai santsin fata da dogayen ƙafafu, irin bududdugin da ake kamawa a fadama ana ci, wato Hoplobatrachus occipitalis, ba shi da waccan guba, amma shi da ƙadangare duk matattarar tsutsotsi ne, domin yawancin tsutsotsin da ke kama macizai ta jikin abincinsu suke bi. Akwai wata mai suna Alaria da ke shiga 'ya'yan kwaɗi tun suna ruwa. Idan macijin garta ya ci su, sai ta taru a jelarsa ta lalata naman wurin, kamar yadda aka gani a macizan lardin Manitoba na Kanada. Akwai Spirometra, wadda ke kwanciya a naman cinyar kwaɗo, ta koma ƙarƙashin fatar maciji ta yi ƙulli, kuma tana kama mutum. Akwai Raillietiella, wadda ke zama a huhu tana shan jini. An same ta a ƙadangarun Legas, kuma wata 'yar uwarta da ta shiga jihar Fulorida tare da mesar ƙasar Burma ta Asiya tana addabar macizan can, har da na garta, ta hanyar kyankyasai da ƙadangaru da kwaɗin da suke ci.

Za a iya cewa ai macijin daji kullum da tsutsa yake yawo kuma yana rayuwa. Haka ne, amma na daji yana yin kashi ya bar wurin, shi kuwa na keji yana kwana yana tashi a kan nasa, don haka tsutsotsin da ba sa buƙatar wata dabba a tsakani suna komawa jikinsa su ninka. Kuma na dajin da tsutsa ta kayar ba wanda yake ganin gawarsa.

Sai maganin ƙwari, wanda a birni irin Legas shi ne abin da na fi tsoro. Gidaje da shaguna da rumbunan kasuwa ana yi musu feshi a kai a kai, ana kuma amfani da irin su Sniper da ota-piya-piya masu sinadarin diklobos. Kyankyason da maganin ya taɓa yana rage gudu, shi ne kuma tsaka da ƙadangare suka fi saurin kamawa. Kwaɗo kuwa ta fatarsa yake shan ruwa, saboda haka duk abin da ke cikin kwata, baƙin mai ne, ruwan batir ne, sabulu ne ko maganin ciyawa, yana shiga jikinsa kai tsaye. Ƙadangaren da ka kama da hannu cikin sauƙi, ka tambayi kanka abin da ya hana shi gudu.

Mafi aminci shi ne dabbar da aka haifa a keji, aka ciyar da ita da ƙwarin da aka kiwata a keji. Wanda yake da haƙuri yana iya kiwon tsaka da kansa: macen tana saka ƙwai biyu masu tauri a lokaci guda, kuma idan aka ɗauke ƙwan zuwa wani akwati mai tsabta, 'ya'yan da za su ƙyanƙyashe ba su taɓa cin kyankyason unguwa ba. Su za a ciyar, ba iyayen ba. Na biyu a daraja shi ne ɗanyen naman kwaɗo da aka tanada don cin mutane, wanda ba a sa masa gishiri ko yaji ba, ko da yake cinya kaɗai ba cikakken abinci ba ce tunda babu kayan ciki. Busassun kwaɗi masu hayaƙi da ake sayarwa a kasuwa ba su da amfani a nan. Na ƙarshe, wanda ba na ba da shawararsa sai in macijin ya ƙi komai kuma ya fara ramewa, shi ne kamun daji daga wuri mai nisa da gidaje da gonakin da ake feshi. A wuraren da aka keɓe don kare namun daji, irin Cibiyar Lekki, ba a kama komai.

Mataki na biyar: dubawa da daskarewa

Kada a ba da kamun daji da rai. A kashe dabbar nan take ta hanyar bugu ɗaya mai ƙarfi a ka, ba da wani magani ba, domin maganin zai zauna a naman. Jefa ta cikin firiza da ranta kuwa azabtarwa ce. Sannan a sa safar hannu, a kwantar da ita a kan faranti a wuri mai haske, a tsaga cikin, a cire hanji da huhu a zubar. A feɗe fatar cinya a duba tsakanin tsokoki: lafiyayyen nama fari-fari ne mai sheƙi, idan kuwa aka ga wani farin zare mai faɗi a naɗe, wanda yake miƙewa ya motsa idan an ja shi da tsinke, wannan ita ce Spirometra. A duba hanta ko akwai fararen ɗigo, a duba cikin fata ko akwai ƙananan ƙulli baƙaƙe ko rawaya. Cinya mai ja kamar jini ya kwanta, ko kumburin ciki, ko gyambo, alamar cuta ce. Ko ɗaya aka gani a yar da dabbar gaba ɗaya, kada a ce za a yanke wurin kawai.

Ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shimfiɗa don kashe tsutsotsin kifin da za a ci ɗanye ita ce sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na tsawon kwana 7. Firizar gida galibi a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri take tsayawa, shi ya sa masu kiwo da yawa suke barin naman kwana 30. A Legas matsalar ita ce ɗaukewar wuta, domin naman da ya narke ya sake daskarewa bai cika sharaɗin ba, kuma ƙwayoyin cuta sun samu damar yaɗuwa a cikinsa. Akwai dabara mai sauƙi: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora kwabo a saman ƙanƙarar, a ajiye kusa da naman. Duk ranar da aka tarar kwabon ya nitse, an san firizar ta saki, sai a zubar da abin da ke ciki. A rubuta kwanan wata a jikin leda, a kuma sa ta cikin roba mai murfi nesa da abincin iyali, saboda sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar Salmonela, kamar yadda ba ya karya guba ko maganin ƙwari.

Mataki na shida: shafa wari

Maciji da harshensa yake gane abinci. Yana lasar iska ya kai abin da ya ɗebo zuwa wata gaɓa a rufin bakinsa, kuma idan warin ya yi masa daidai zai kai cafka ko da siffar abin ba ta yi kama da kwaɗo ba. Wannan ne ya sa kwaɗo ɗaya zai iya wadatar da mai kiwo na tsawon watanni. A narkar da jinjirin ɓera, a wanke shi da ruwan ɗumi don rage warinsa, a tsane shi, sannan a goga kansa da bayansa a jikin naman kwaɗon da aka daskarar. Wata hanyar ita ce a niƙa ɗan naman da ruwa, a zuba a farantin ƙanƙara, duk ranar ciyarwa a narkar da ƙwaya ɗaya a tsoma ɓeran a ciki. Wanda ba ya son kisa zai iya goga ɓeran a hankali a bayan lafiyayyen kwaɗo mai santsin fata da yake kiwo, ko ya manna masa ɗan guntun saɓar tsaka a ka. Ba a yin wannan da kwaɗo mai ƙuraje. A kowane mako a rage yawan warin, har macijin ya karɓi ɓeran haka nan.

Mataki na bakwai: ciyarwa da abin da ke biyo baya

Kaurin abincin kada ya wuce kaurin tsakiyar jikin macijin. Garta ba ya naɗe abin da ya kama ya matse shi, haɗiye shi yake yi kai tsaye, don haka babban ƙadangare mai ƙayar wuya da farata da haƙora zai iya yaga masa baki ko maƙogwaro, kuma wannan wani dalili ne na ƙin ba da mai rai. A narkar da nama a cikin leda da aka tsoma a ruwan ɗumi har tsakiyarsa ya yi laushi, a miƙa da hantsaki ana ɗan girgiza shi. Abin da bai ci ba cikin awa ɗaya ko biyu a zubar, domin zafin Legas ba ya jinkiri wajen ruɓar da nama. Idan macizai biyu ne a keji ɗaya a raba su lokacin ci, saboda sukan kama loma ɗaya ta gefe biyu, babban ya haɗiye ƙaramin. Babban maciji mai cin ɓera sau ɗaya a mako ya ishe shi, jarirai kuwa duk bayan kwana 2 zuwa 3.

Bayan ci a bar shi kwana 2 ba a ɗauke shi ba, kuma a kula kejin yana da ɓangare mai sanyi da bai wuce digiri 24 zuwa 26 ba, musamman a watannin Fabrairu da Maris, domin zafi mai yawa yana sa amai. Idan ya amayar, a dakata kwana 10 zuwa 14 kafin a sake ba shi loma ƙarama. Duk macijin da ya taɓa cin kamun daji, a kai sabon kashinsa wajen likitan dabbobi a cikin kwalba mai murfi don a duba a madubin likita, a kuma maimaita bayan 'yan makonni, tunda tsutsa ba kullum take zubar da ƙwai ba. Likita yakan ba da maganin tsutsa irin su fenbendazol ko firazikwantel gwargwadon irin tsutsar da nauyin macijin a giram, kuma ba aikin da mai kiwo zai yi da ƙiyasi ba ne. Numfashi da baki a buɗe, majina a baki, rama duk da yana ci, ƙulli a ƙarƙashin fata, karkarwa ko juyewa rigingine, duk alamu ne da ke buƙatar likita a ranar, kuma a tafi masa da bayanin abin da macijin ya ci na ƙarshe da inda aka samo shi.